Cin Amanar Makusanci a Wasannin Ban Tausayi: Nazari Daga Mahangar Mazaunin Zango

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci fitattun wasannin kwaikwayo na ban tausayi, tun daga na Girkawan dauri har zuwa na Shekisfiya, zai lura da cewa da wuya masifar da ke hallaka babban tauraro ta fito daga hannun abokin gaba. Galibi daga cikin gida take tasowa, wato tsakanin miji da mata, ko uba da 'ya, ko ubangida da baransa. Manufar wannan takarda ita ce ta dubi jigon cin amana tsakanin makusanta a wasu daga cikin waɗannan wasanni, sannan ta auna su da abin da muke da shi a rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. Za a yi nazarin ne daga mahangar Bahaushe mazaunin zango, irin na Agege da Ogba a nan Ikko. Ra'ayin da takardar ke son kafawa shi ne, baƙunci yana ƙara wa amana tsada, kuma manyan marubutan wasannin ban tausayi sun san haka, shi ya sa suka sha ɗora masifar a kan baƙo.

2.0 Ma'anar Wasan Ban Tausayi da Ma'anar Amana

Samar wa wannan nau'in wasa suna a harsunan da ba su gaje shi ba tsohuwar matsala ce. Lokacin da Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a shekarar 940, ya fassara littafin Aristotal na fasahar waƙa zuwa Larabci a Bagadaza, sai ya kira wasan ban tausayi madahu, wato yabo, ya kuma kira na ban dariya hija'i, wato zambo. A kan wannan fassara Ibn Rushdi ya gina sharhinsa daga baya. A nan, abin da ake nufi da wasan ban tausayi shi ne wasan da ke nuna yadda mutum mai daraja, wanda ba waliyyi ba ne ba kuma shaiɗani ba, yake faɗawa cikin masifar da ba ta da magani, ta hanyar wani kuskure da ya fito daga halinsa, har 'yan kallo su ji tausayinsa, su kuma ji tsoro don kansu.

Aristotal ya yi wata magana a babi na 14 na littafin nan wadda ita ce ginshiƙin wannan nazari. A ganinsa, idan maƙiyi ya kashe maƙiyi, babu wani tausayi da zai kama mai kallo in ban da na ganin zubar jini, haka ma idan waɗanda ba su san juna ba ne. Abin da ya kamata marubuci ya nema shi ne ɓarnar da ke aukuwa tsakanin waɗanda jini ko ƙauna ta haɗa, kamar ɗan'uwa da ɗan'uwa, ko ɗa da uba, ko uwa da ɗa.

Bahaushe yana da kalma ɗaya da ta tattara wannan duka, wato amana. Amana ita ce abin da aka damƙa wa mutum saboda an yarda da shi, ko dukiya ce, ko asiri, ko iyali, ko rai. Ana riƙe ta, ana kuma cin ta. Abin lura shi ne, ba kowa ke iya cin amana ba. Ɓarawon da ya haura katanga sata ya yi, ɗan fashin da ya tare hanya zalunci ya yi, amma ba a ce musu maciya amana, domin ba a ba su ba. Sai wanda aka buɗe wa ƙofa da hannu biyu ne ke iya cin amana. Ke nan, girman cin amana daidai yake da girman yardar da ta gabace shi.

3.0 Amana a Rayuwar Zango

Kafin a shiga cikin wasannin, ya dace a bayyana dalilin zaɓen wannan mahanga. Zaman Hausawa a Agege ya bunƙasa ne a kan fataucin goro da na dabbobi, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a wajajen 1912. Abner Cohen, a nazarin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda irin wannan fatauci yake tafiya. Falke yakan zo da shanunsa daga Arewa ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Dukiya mai yawa tana sauya hannu ba tare da takarda ko sa hannu ba. Wanda ya san kasuwar shanu ta Oko-Oba a Agege ya san wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da wannan ke nufi shi ne, baƙo ba shi da dangi a kusa, bai san harshen gari sosai ba, bai san hanyar hukuma ba. Jarinsa da mutuncinsa duka suna rataye a wuyan mutum ɗaya ko biyu. Idan ɗan gari ya gamu da maciyin amana, yana da gidan ubansa da zai koma. Idan baƙo ya gamu da shi, ƙasa ce ta tsage a ƙarƙashinsa. Da wannan ido za mu dubi wasanni biyu da suka fi shahara a wannan jigo.

4.0 Midiya: Baƙuwar da Ba Ta da Gidan Yaji

An fara nuna wasan Midiya na Yurifidis a birnin Atina a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Midiya 'yar sarkin wata ƙasa ce mai nisa da ake kira Kolkis. Saboda son Jeson, Bagirken da ya zo ƙasarsu neman wata fatar rago ta zinariya, ta ci amanar mahaifinta, ta kashe ɗan'uwanta, ta bi shi. Sa'ad da wasan ya buɗe, suna zaune a birnin Korinti da 'ya'yansu maza biyu, Jeson kuwa ya juya mata baya ya auri 'yar sarkin garin, sarkin kuma ya ba da umarni a kore ta da 'ya'yanta. Sai ta roƙi a ba ta kwana ɗaya. A cikin wannan yini ta aika wa amarya kyautar riga da kambi masu guba, amarya da mahaifinta suka mutu, sannan ta yanka 'ya'yanta biyu da hannunta don kada Jeson ya bar baya.

A nan akwai tarkon da ɗalibin Hausa kan faɗa. Da zarar ya ji an yi wa mace amarya ta yi kisa, sai ya ce jigon wasan kishi ne, ya sanya Midiya cikin sahun miyagun kishiyoyin tatsuniya. Wannan karatu bai kai ga zuciyar wasan ba. A al'adarmu da addininmu ƙarin aure ba cin amana ba ne, matuƙar an tsare haƙƙin uwargida. Laifin Jeson shi ne ya yi rantsuwa ya karya, ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta, ya kuma yarda a kori matar da ta ƙone duk wata hanyar komawa gida saboda shi. Matar Bahaushe idan aka ɓata mata rai takan yi yaji, iyaye su zauna, miji ya zo biko. Midiya ba ta da gidan yaji, ba ta da waliyyi, ba ta da ɗan'uwan da zai tsaya mata, domin da hannunta ta kashe shi. Yurifidis ya sa ta bayyana wa matan Korinti wannan bambanci da ke tsakaninta da su, cewa su suna da gari da gidan uba, ita kuwa ba ta da kowa.

Gwanintar marubucin tana cikin yadda ya hana mai kallo samun wurin tsayawa. A farkon wasa tausayinmu yana tare da Midiya, domin ita aka zalunta. Kafin a ƙare, ta ci amanar da ta fi kowace girma, wato ta uwa ga 'ya'yanta. Kuma idan aka waiwaya, za a ga auren nan tun asali a kan cin amanar uba aka gina shi. Wanda aka ci amanarsa a yau, shi ne ya ci ta wani jiya, shi ne kuma zai ci ta wani gobe. Haka abin yake a wasannin Eskilas guda uku na gidan Agamemnon, waɗanda aka nuna a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): uba ya yanka 'yarsa don jiragen yaƙi su sami iska, matarsa ta kashe shi ranar da ya dawo bayan shekara goma, ɗansu kuma ya kashe ta. Cin amana a waɗannan wasanni gado ne da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu.

5.0 Otelo: Baƙon da Ya Ba Mutum Ɗaya Kunnensa

Shekisfiya ya rubuta Otelo a wajajen 1603 zuwa 1604. Otelo baƙar fata ne, jarumin da birnin Fenis ya ɗauka ya shugabanci mayaƙansa. Ana girmama shi saboda takobinsa, amma da ya auri Dasdamona, 'yar wani babban ɗan majalisar birnin, sai mahaifinta ya zarge shi da yi mata asiri. Wato ana bukatarsa a fagen fama, ba a bukatarsa a matsayin suruki. Iyago, mai riƙe masa tuta, yana jin haushin an ba Kasiyo muƙamin da yake ganin nasa ne. Bayan sun koma tsibirin Kubrus, sai ya shiga shuka wa ubangidansa zato cewa Dasdamona tana hulɗa da Kasiyo, ya kafa hujja da wani ɗan hankici da ya sa matarsa Emiliya ta miƙa masa. Otelo ya shaƙe matarsa a kan gadonta, gaskiya ta bayyana bayan aikin gama ya gama, shi kuma ya kashe kansa.

Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma da ɗan gari akan ci gari. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa mutum mai hankali da gogewa irin Otelo ya yarda cikin ɗan ƙanƙanen lokaci? Amsar tana cikin baƙuncinsa. Makamin da Iyago ya fi amfani da shi shi ne nuna masa cewa shi ɗan ƙasa ne, ya san halin matan Fenis, Otelo kuwa bai sani ba. Ya kuma tuna masa cewa macen da ta yaudari mahaifinta ta aure shi tana iya yaudararsa. A taƙaice, Iyago ya zama wa Otelo abin da dillali yake ga falke, wato idon da yake ganin gari da shi. Idan wannan ido ya yi ƙarya, baƙo ba shi da wani na biyu da zai gwada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ke jikin Otelo kuwa ita ce shakkar da yake yi a ransa ko an karɓe shi da gaske.

Ya kamata a lura da cewa halin da ya hallaka Otelo hali ne na yabo, wato saurin yarda da mutane da ɗaukar kowa mai gaskiya. Nan ne tsoron da Aristotal ya ambata yake kama mai kallo, domin babu wanda zai rayu ba tare da ya yarda da wani ba. Haka kuma, kamar Midiya, Otelo ya zama maciyin amana ne a daidai lokacin da yake ganin shi aka ci wa. Dasdamona ita ma ta bar gidan ubanta dominsa, ta zama baƙuwa a Kubrus, ba ta da kowa sai shi. Ita kuwa Emiliya, amana biyu ce ta yi karo a kanta, ta miji da ta uwargijiya. Ta zaɓi faɗin gaskiya, mijinta ya kashe ta. Da aka tambayi Iyago dalilinsa a ƙarshe, sai ya ƙi cewa komai. Shekisfiya bai bar mu da ko ɗan sanyin da ake samu daga jin dalili ba. Ahmed Yerima, wanda aka haifa a Ikko ya kuma taɓa shugabantar Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, ya gane wannan sirri na baƙunci, domin da ya sake gina wasan da sunan Otaelo, sai ya mai da tauraron osu, wato wanda al'adar Ibo ta ware a cikin garinsu.

6.0 Jigon a Wasan Kwaikwayo na Hausa

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa bai rasa cin amana ba. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, miji ne ke wulaƙanta matar da aka ba shi amana. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, maigida ne ya juya wa iyalinsa baya saboda karuwa, ita kuma ta kai shi ta baro. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979), mai kuɗi ne ya yaudari 'yar makaranta. Sai dai waɗannan wasanni na gargaɗi ne da gyaran hali. Tun daga fitowa ta farko mai kallo ya san mai laifi, wani lokaci ma sunan tauraron kaɗai ya isa ya tona shi, kamar Alhaji Ruwan Ido. A ƙarshe kuma ana zuwa gaban alƙali, ko a yi nadama, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, mai kallo ya tashi da natsuwar cewa alhaki kwikwiyo ne. Wannan ba aibi ba ne, domin manufar marubutan ke nan, kuma sun cim mata. Amma tsari ne da ke rufe ƙofar ban tausayi, domin mai kallo yana kallon laifin wani ne, ba ya jin tsoro don kansa. Wani zai ce ai wasannin Eskilas ma a kotu suka ƙare. Haka ne, sai dai kotun ta zauna ne bayan jini ya riga ya zuba sau uku, ƙuri'un masu shari'a suka zo daidai, hukuncin kuma bai tayar da ko mutum ɗaya daga kabari ba.

Wasan da ya fi kusa da abin da ake magana a kai shi ne Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara don dandamali aka buga a 1975, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. A ciki, abokan zaman Makau a fadar Kagara ne suka ƙulla masa sharrin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, har sarki ya kore shi. Daga wannan ƙulli ne iyalin suka watse. Mahaifiyar Umar, da ta fita neman ɗanta, ta zama baƙuwa a inda ba ta san kowa ba, ta ba da yardarta ga Ado wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa, shi kuwa ya jefa ta cikin bauta a ƙetaren Sahara. Ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da rasuwarta. A ra'ayina, wannan mata ita ce tauraruwar ban tausayi ta gaskiya a labarin, kuma baƙunci ne ya miƙa ta ga maciyin amana, kamar yadda ya miƙa Midiya da Otelo. Abin da ya rage wa labarin zafi shi ne an ba da shi ta bakin Umar bayan ya zama shaihi, ya kuma karɓi ƙaddara, saboda haka haƙuri ya lulluɓe raɗaɗin.

7.0 Ko Imani da Ƙaddara Yana Hana Ban Tausayi?

Akwai masu ganin cewa al'ummar da ta yi imani da ƙaddara da hisabin Lahira ba za ta iya samar da wasan ban tausayi ba, tunda a wurinta babu zaluncin da zai tafi a banza. Wannan ra'ayi yana da rauni. Imani da hisabi ba ya hana a ji zafin abin da ba ya gyaruwa a duniya. Ƙissar Habila da Ƙabila, wadda kowane ɗan makarantar allo ya sani, ta ƙare ne da nadamar da ba ta dawo da wanda aka kashe ba. Tarihinmu ma cike yake da irin wannan. Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, tsakanin Tukur da Yusufawa, yaƙi ne na jikokin mutum ɗaya, wato Ibrahim Dabo, bai kuma lafa ba sai da aka kashe Tukur a 1895. Kowane ɓangare yana ganin shi aka ci wa amana. Ba sai marubuci ya ari kisan kai ko gumakan Girkawa ba kafin ya gina wasa a kan wannan.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa cin amana a wasannin ban tausayi yana da siffofi uku. Yana fitowa daga wanda aka buɗe wa ƙofa, yana shiga ta halin kirki na wanda aka cuta, yana kuma mai da wanda aka cuta macuci. An kuma nuna cewa baƙo ne ya fi kowa shiga wannan haɗari. Saboda haka ɗalibanmu masu sha'awar rubuta wasan kwaikwayo ba su da bukatar neman jigo daga nesa. Maigidan da falke ya bar wa kuɗin shanu, bashi ya karye a hannun mahauta, ya rasa ko ya ci amanar baƙonsa ko ya tozarta iyalinsa, tauraron ban tausayi ne cikakke. Haka ma ƙanen da aka bar wa gida da gona a Arewa, wansa yana aiko da guminsa daga Ikko shekara da shekaru. Sharaɗin kawai shi ne marubuci ya ba maciyin amanar fuska irin tamu da dalili irin namu, ya kuma daure kada ya kira alƙali ya raba gardama a fitowa ta ƙarshe. A bar 'yan kallo su koma gida da shari'ar a zukatansu.